Karon farko zan yi wasa kai tsaye a bikin Argungu, yaya ake shiri?

Sabon Shiga (Birnin Kebbi):

Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutu.

Ni mawaƙi ne nan Birnin Kebbi, shekara huɗu kenan ina shiga situdiyo, yawanci waƙar aure nake yi da ta suna sai ɗan abin da ba a rasa ba lokacin siyasa. Yadda muke yi a wurin biki kuwa kowa ya sani, dije ya saka waƙar daga filashi ni kuma in riƙe makirfo ina bin ta sama-sama, inda numfashi ya ƙare in juya makirfon wajen ƙawayen amarya su ƙarasa, waƙa dai tana tafiya da ni ko ba ni. To yanzu wani yayanmu da ke haɗa masu wasa ya saka sunana cikin waɗanda za su yi wasan dare a bikin kamun kifi na Argungu, kuma ya ce min ƙarara babu zancen filashi, da makaɗa za a yi. Na ce masa ba matsala. Wlh tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Saura sati biyar. Ina da mai fiyano ɗaya da muka saba, da mai kalangu da na samo wurin mahautan unguwarmu, hannunsa na da kyau amma bai taɓa bin fiyano ba, sai 'yan amshi biyu. Jiya muka gwada a zauren gidanmu, ban kai ƙarshen waƙa ta biyu ba murya ta fara rawa, a nan ne ma na gane ashe waƙoƙin nawa ban haddace su ba tunda a situdiyo layi-layi ake ɗauka ana haɗawa.

Waɗanda suka saba, yaya kuke shiri? Waƙa nawa zan tanada, me ake sha don murya, zan tafi da kayan sautina ko a can ake samu? Sai maganar kuɗi, ban ma san ta inda zan tayar da ita ba tunda yayana ne.

Tsohon Makaɗi (Augie):

Wa'alaikumus salam. Yaro, jikana na ka rubuta man wanga bayani, ni ban iya latse-latsen waya ba, shi yak karanta man tambayarka nic ce tsaya in ba shi amsa. Kotso nig gada wurin mahaihina, na hi shekara arba'in ina bin bukukuwa, Argungu kam tun ina ɗaukar ma manya kaya ni ka zuwa.

Abu na hwarko, buki irin wanga ba bukin aure na ba. Wurin aure kai a ka jira. Can kuwa kai ka jira. Za a ce ku zo bayan la'asar, ku zo ku zamna, a yi magariba a yi lisha manyan baƙi ba su iso ba, in sun iso a shiga jawabai, ga masu rawa na garuruwa kowa da nashi rukuni ga maroƙa ga 'yan algaita, sannan can wajen sha ɗaya na dare wani mai riƙe da takarda shi zo shi dahwa kahwaɗarka shi ce "ku na gaba, minti bakwai". Kai ko ka shirya waƙa shidda. In ba ka san da haka ba tun gida, nan za ka ruɗe ka ɗauko wadda ka hi so mai doguwar shimhiɗa, kahin ka kai ga sunan Sarki an kashe maka makirho. Na ga an yi ma mutane haka ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Don haka waƙa guda za ka gyara ta yi kyau ƙwarai, ta biyu ta zamna aljihu. Kuma ka gina ta yadda mu ka yi, gindi gajere wanda ko ɗan yaye na iya kamawa daga ji biyu, sannan ɗiyan waƙa kowane mai zaman kainai. In anka ba ka minti ukku ka aza ɗiya biyu ka koma gindi ka sabka, ba wanda ya san ka yanke. In Allah ya sa wuri ya yi daɗi anka ce ci gaba, sai ka yi ta azawa. Kuma duk sa'ad da 'yan karɓi ka riƙe da gindi, kai lokacin hutunka na, nan za ka shaƙi iska, nan za ka tuna ɗan da ka biyowa. Abin da yas sa muryarka tam mutu jiya ke nan, kai ɗai ka jan waƙa tun daga kai har ƙasa. Mutanen dauri ba don ado sunka aje 'yan karɓi huɗu biyat ba.

Na biyu, wanga ma ya hi wancan nauyi. Ka ce daga Birnin Kebbi kake. To ka kiyaye da kirarin da za ka kai Argungu. Kada ka ɗauko waƙar da kay yi ma wani basarake na ƙasar Gwandu ka cire suna ka aza wani kamar yadda ku ka yi da sunan amare. Gidajen ga biyu kowane da tarihinai. Garin da kake zamne shi na babban birnin Kabi har 1805 da mutanen jihadi ƙarƙashin Abdullahin Gwandu sunka ci shi, Kabawa sunka yo nan wajenmu Augie da Argungu, anka yi ta gwabzawa shekara da shekaru. Shi kanshi bukin ga yadda a ka yi nai yanzu ya samo asali na daga zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu a 1934, anka yi mai su, wato kamun kihi, don girmamawa, alamar an aje gaba. Ka ga wuri na da kalma guda ka iya ɓata maka dare. Sarkin Kabi a ka cewa, jikan Kanta. Ka nemi dattijo ɗan gari ko maroƙin hwada tun da sauran kwanaki, ka kai mai goro, ka rera mai waƙar tun daga hwarko har ƙarshe shi gyara maka sunaye da wa a ka hwara ambata da wa ka biye. Akwai Sarkin Ruwa akwai Homa, manyan masunta, in kay yi waƙar kamun kihi a bakin Matan Fada, gulbin da a ka yin bukin, ba ka ambace su ba, masunta na ji sun san baƙo na.

Sai kalangu. Ka ce hannun yaron na da kyau, madalla, amma hwata ba ruwanta da hannu, yanayi ta sani. Da rana ga zahi ga busasshiyar iska, samhwara ta ɗaure tamau har in anka matsa mata ta hwashe. Dare na yi kuma ga ku kusa ga ruwa da hwadama, raɓa ta sabka, sai ka ji kalangun da ka magana da la'asar ya koma buh buh kamar ana bugun buhun dussa. Shi naɗe shi cikin zane har sai an kusa kiranku, kada shi aje shi ƙasa, kuma shi lallaɓa wurin mai shayi ko mai tsire shi ɗan gasa bakin daga nesa shina shahwawa da tahin hannu, ba shi kanga shi ga wuta ba. In da hali shi taho da kalangu biyu, in babu to tsarkiya ta sauyi da makaɗi biyu. Mu masu kotso har nake, ɗanƙon da a ka shahwa ma hwatar kotso, mu ka tahiya da shi cikin ɗan gwangwani don rana na narkar da na bisa hwata.

Mai Sauti (Gusau):

Baba Allah ya ƙara girma, ka gama magana a ɓangarenka. Ni bari in taɓa inda na sani, shekara tara ina hayar kayan sauti tsakanin Gusau, Talata Mafara da Ƙaura Namoda.

Kada ka wahalar da kanka da ɗaukar sifiku, babban taro masu shi ke kawo kaya kuma ba za su bari ka jona naka ba. Abin da za ka ɗauka ƙanana ne amma su ke kunyata mutum, wayar da ke haɗa fiyano da mikisa guda biyu, adaftar fiyano, doguwar wayar wuta mai soket, salatif, da sababbin batura in makirfonka marar waya ne. Sababbi fa, ba waɗanda aka ciro daga rimot ba. In fiyanon na cin batir a zuba masa, don ranar da janareta ya yi tari sai ka ga fiyano ya mutu ya farfaɗo da wani kiɗa daban na kamfani kai kuma kana tsakiyar yabon mutum.

Sannan ka je ka gaida mai mikisa tun da rana. Wannan bawan Allah shi zai sa a ji daɗinka ko a ji haushinka, kuma yawanci tun safe yake tsaye cikin rana ba wanda ya ce masa sannu. Kai masa ruwan sanyi, ka ce mu biyar ne, makirfo uku na baki, ɗaya na kalangu, layi ɗaya na fiyano, ka rubuta masa a takarda ma. In ya ba ku ko minti biyar na gwaji ku karɓa hannu biyu, kuma abin da za ka roƙa shi ne ƙaramar sifikar nan da ke kallonku a bakin dandamali, monita, a saka maka kalangu da muryarka a ciki. Dalili kuwa, sauti na tafiyar kusan mita 340 ne a daƙiƙa ɗaya, to a fili in akwai gini ko rumfar manyan baƙi kamar mita 85 a gabanka sautin zai je ya dawo kunnenka bayan rabin daƙiƙa, in ka bi wancan da ya dawo sai ka riƙa jan ƙafa, mai kalangu ya sassauta don ya jira ka, kai ma ka ƙara sassautawa, kafin ka ankara waƙar ta koma kamar ta zaman makoki. Ka sa ido kan hannun mai kalangu, abin da ke dawowa daga fili ka yi kamar ba ka ji.

Kuma ku 'yan situdiyo kuna da ɗabi'ar dunƙule kan makirfo da hannu wai don ya fi kyau a hoto. Shi ke jawo kukan nan kiiiii da ke sa manya toshe kunne, murya kuma ta fito kamar daga cikin tulu. Riƙe shi a wuya, yatsa biyu tsakaninsa da baki, in za ka ɗaga murya ka ɗan janye. Kada ka juya kansa wajen sifika, kada ka sauka ka ratsa gaban manyan sifiku da shi don za ka je gaida wani.

Bari in ba ka ɗaya da aka yi a gabana a wani wasan Sallah, garin ba sai na faɗa ba. Mawaƙin bai zo da filashi ba sai muka jona wayarsa a mikisa kiɗan na fitowa daga ciki, ana tsakiyar waƙar hakimi sai kira ya shigo, yaron da ke riƙe da wayar ya ruɗe maimakon ya kashe sai ya ɗauka, duk filin nan aka ji muryar uwargida tana cewa wai kana ina ne garin tuwo fa ya ƙare. Hakimi ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya sa aka kai masa buhun masara, amma har yau mai garin tuwo ake kiransa a garin. Don haka ko ajiya ka yi a waya don ko-ta-kwana, ka sa ta a alamar jirgin nan.

Abu na ƙarshe, cikin gwajin da kuke yi ku ware kwana biyu a sati ku yi waƙar ba fiyano ba makirfo, kalangu da baki kawai. In wuta ta ɗauke ku ci gaba abinku har ta dawo.

Ɗan Gayu (Jega):

Hhhh malam kai ma da wahalar da kai. Ka ba dije filashi a ɓoye, mai kalangu ya riƙa motsa hannu, wa zai gane? Manyan da kuke gani a talabijin ma haka suke yi.

Mai Sauti (Gusau):

Za a gane abokina. Mutanen da suka tashi cikin kiɗan kotso da taushi kake son yi wa wannan? Tsohuwar da ke sayar da kunu a bayan fili ma ta san kalangun kwamfuta da na hannu. Kuma ranar da wuta ta ɗauke kana cikin haka bakinka kaɗai za a gani yana motsi kamar kifin da aka fiddo daga Matan Fada.

'Yar Amshi (Yawuri):

Sannunku da hira. Ƙanena ni ba jagora ba ce, amshi nake yi shekara goma sha ɗaya, na bi mata na bi maza, na yi bikin Rigata nan Yawuri na je bikin Uhola a Zuru, to maganar murya bari in faɗi nawa.

Ba abin da za ka sha ranar wasa ya gyara maka muryar da ba ka horar ba. Amma sati biyar ya isa in gobe ka fara. Kullum da safe ka fara da ɗan gurnani a hanci baki rufe kamar minti goma, daga ƙasa kana hawa a hankali, sannan ka buɗe baki. Kuma waƙar a tsaye za ka riƙa yin ta kana tafiya ba a zaune kan benci ba, don ranar ga babbar riga ga hula ga fitilu na dukanka. Ni da yamma nakan zagaya filin makarantar unguwarmu da sauri-sauri ina rera gindin waƙa, har wata maƙwabciyata ta je ta samu innata wai a duba ni ko iska ce, amma shi ya sa nake awa biyu ban shaƙe ba. Sannan ka gaya wa mai fiyano ya sauke maka waƙar ƙasa kaɗan. A situdiyo kun ɗora ta can sama saboda layi ɗaya kake yi ka huta kuma kwamfuta na gyara inda ka kauce, a fili ba mai gyara maka. Akwai maɓallin saukewa a jikin fiyanon, ya sani. Kalangu ba ruwansa, tsarkiya ce, inda aka je zai bi.

Abin sha ruwa ne kawai, kuma tun kwana biyu kafin ranar za ka fara sha da yawa ba sai an kira sunanka ka ɗaga gora ba. Zuma da citta a ruwan ɗumi ina sha, tana sa maƙogwaro ya ji daɗi, iyakarta kenan. Abin da zai cuce ka a can ƙura ce da surutu. Bikin ƙarshen hunturu zuwa shigowar zafi yakan faɗo, na 2020 ma da aka dawo da shi bayan an daɗe ba a yi ba a watan Maris aka yi, ga dawaki ga motoci ga jama'a kamar ƙasa, to ka rufe hanci da takunkumi ko rawani duk lokacin da kake jira. Kada ka tafi kallon kabanci ka wuni kana ihu ana tseren jirage da kamun agwagi, kada ka zauna kusa da sifika kana gaisawa da mutane da ƙarfi awa biyar, wlh na ga jagora ya ƙarar da muryarsa kaf a gaishe-gaishe kafin a kira shi, mu muka riƙe waƙar. Nemi bayan mota ka zauna ka yi shiru. Abinci ka ci wajen la'asar, kada ka danƙara tuwon shinkafa da kifi ana saura kaɗan ku hau, numfashi ba zai sauka ba.

Kuma za ka samu mai miƙo maka ɗan abin ƙarfin gwiwa a bayan dandamali, ƙwaya ko kwalba. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tarin nan mai kodin amma ba a rasa shi a irin wuraren. Kada ka karɓa. Na tsaya bayan wani yaro da ya sha, ɗa guda ya maimaita sau uku yana murmushi shi a ganinsa ya burge.

Ɗaya kuma da ba ka tambaya ba amma zan faɗa tunda mu ne a ƙasa. Yaranka huɗun nan ka gaya wa kowa abin da zai samu tun kafin ku shiga mota, da inda zai kwana. Na taɓa bin wani jagora kwana uku, shi yana masauki mu muna kwana a ajin firamare kan tabarma sauro na cinmu, da aka tashi ya damƙa min kuɗin mota ya ce sauran sai an biya shi, yau shekara shida. Argungu lokacin biki ko ɗakin zaure wuyar samu yake, ka nemi gidan ɗan uwa ko aboki tun yanzu, in cikin 'yan amshinka akwai mace a samar mata wuri cikin mata.

Mai Sauti (Gusau):

Gaskiyar Hajiya. Kuma ko da yake Birnin Kebbi ba nisa, kada ku ce za ku kamo hanya ƙarfe biyun dare da direban da ya wuni a tsaye. Mu nan Zamfara tafiyar dare mun daɗe da yafe ta, duk wasan da zai kai dare da kwana muke lissafa shi.

Sanƙira (Bunza):

Maganar kuɗi tawa ce, aikina kenan. Yayanka ne eh, shi ya sa ma za ka yi maganar yanzu tun ana dariya. Ba sai ka je masa da takarda ba, ka tura masa saƙo a WhatsApp cikin ladabi, Yaya ga lissafin mota zuwa da dawowa, ga abincin mutum biyar, ga sallamar makaɗa, a taimaka da kafin alƙalami mu fara shiri. Amsar da ya bayar ta zama shaida ba tare da an ɓata ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota kaɗai na iya cinye abin da za a ba ku, to aƙalla wannan ya shigo hannu kafin ku tashi. Ragowar kuwa a irin waɗannan tarukan ba ranar take fitowa ba, kada ka ɗora alkawarin yaranka a kanta.

Liƙi kuma a yi hankali. Dokar Babban Banki ta 2007 sashe na 21 ta hana liƙa naira da tattaka ta, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, da can ba mai kulawa amma daga 2024 an ga EFCC ta kai mutane kotu a kai, kuma taro irin wannan ga kamara ta ko'ina. Ku ajiye ƙwarya ko faranti a gaba mai bayarwa ya saka a ciki, mutum ɗaya tak ke ɗauka, kuma ba a buɗe jakar sai kowa na wurin a ƙirga a idonsa. Rabin rigimar makaɗa daga nan take tashi.

Sai kyautar baki. Wani zai sa a yi shela ya ba ka babur ko ya ba ka dubu kaza, jama'a su yi tafi. Ka sa yaronka ya bi yaronsa a daren ya karɓi lamba ya san masaukinsa, da safe ku je godiya tun bai bar gari ba. In ya shiga mota ya tafi to sai dai ka riƙa ba da labari. Masu cewa turo lambar akawu ma haka, a tsaya a wurin har waya ta yi ƙara.

Sabon Shiga (Birnin Kebbi):

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, ban yi zaton zan samu haka ba. Yau kwana takwas da fara bin abin da kuka ce. Mun sauke waƙar ƙasa kamar yadda Anti ta faɗa kuma gaskiya na ji sauƙi, na yanke gindin ya koma layi biyu, yanzu har ƙannena na rera shi a tsakar gida. Yayana ya turo rabin kuɗin mota. Inda nake da matsala har yanzu mai kalangu da mai fiyano, kowa na cewa ɗayan ne ke gudu, shekaranjiya saura kaɗan su daku. Sannan Baba na duba waƙar sai na ga ashe akwai layi biyu da na ɗauko daga wadda na yi wa wani mai sarauta a nan, ban ma lura ba sai da ka faɗa. Ban san kowa a fadar Argungu ba, ko zan iya kawo maka ita ka saurara?

Tsohon Makaɗi (Augie):

Mai hiyano na ka gudu. Ban gan su ba amma na sani, shi ya saba da injin na riƙe mai lokaci. Ku kashe gangunan cikin hiyanon gaba ɗai, kalangu shi ja, shi shi biyo.

Ka taho ran Alhamis bayan la'asar, jikana na aiko maka kwatance ta saƙo. In waƙar ta yi, akwai wani abokina Argungu da za ni haɗa ka da shi, shi ya hi ni sanin jerin sunayen na yanzu. Ka zo da mai kalangun da 'yan karɓinka duka biyu, hiyanon ku bar shi gida. Goro kuma hwari, ja na hana ni kwana.